Tarar Kwabo Biyu: Me Ya Hana Doka Kashe Wutar Neja Delta?



Tukunyar gas ɗin gidanmu ta kwana biyu a bayan ƙofar kicin babu komai a cikinta. Tun da kuɗin cika ta ya fara cinye na cefane, Umma ta sa aka fito da tsohon kurfoti, muka koma gawayi kamar yadda maƙwabta suka koma. Kwanakin baya na je sayen gawayin a wurin wani dattijo da muka saba da shi, na tarar ya ƙara kuɗi. Na ce, "Haba Baba, har da kai?" Ya ce in yi haƙuri ɗana, ma'aikata ne suka tare motar da ke kawo musu kaya, suka sauke buhuna, wai an hana sare itace, don haka buhun da ya iso shi zai biya kuɗin wanda bai iso ba. Na biya, na ɗauko ledata.

A hanyar komawa gida na tuna hirar wani abokina da ya yi bautar ƙasa a jihar Delta. Ya ce a ƙauyen da aka tura shi dare ba ya yin duhu sosai, domin akwai wani bututu a bayan gari da yake aman wuta dare da rana, da ruri kamar na jirgin sama, har mata suna zuwa kusa da shi su shanya rogo saboda zafin. Wutar nan iskar gas ce ake ƙonawa a banza. Dokar Najeriya ta haramta ƙona ta tun kafin a haifi yawancinmu da muke cikin wannan zaure. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan: hukumar da ta iya sauke buhun gawayi a kan titi cikin awa ɗaya, ta kasa kashe waccan wutar cikin shekara arba'in.

Ga wanda bai saba da zancen ba, a taƙaice haka yake. Duk lokacin da aka ƙona fetur, gas, kwal ko icce, iskar kabon takan fita ta taru a sama. Ita da wasu iskoki irin su metan suna yi wa duniya abin da bargo yake yi wa mai barci: zafin rana ya shigo, ya kasa fita gaba ɗaya. Metan ma ya fi haɗari a kusa, domin a cikin shekara ashirin na farko bayan fitarsa ya fi kabon riƙe zafi kusan sau tamanin. Idan aka haƙo ɗanyen mai, gas yakan biyo shi daga rijiya. Kamfani yana da zaɓi: ya tara gas ɗin ya sayar, ya mayar da shi cikin ƙasa, ko ya cinna masa wuta. Na ukun ya fi arha. Wutar tana fitar da kabon, abin da bai ƙone ba kuma ya tsere a matsayin metan, baƙin hayaƙin ya sauka a kan rufin kwano da gonaki da huhun mutanen gari.

Tun da aka samu mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, ake ƙona gas ɗin. A 1979, dab da ƙarshen mulkin soja na Janar Obasanjo, aka yi doka da ta ce daga ranar 1 ga Janairun 1984 babu kamfanin da zai sake ƙona gas sai da izinin minista a rubuce. Ku lura da wannan jelar ta ƙarshe, "sai da izinin minista", domin ta nan ruwa ya shiga jirgin. Da ranar ta zo kamfanoni ba su shirya ba, sai aka fito da ƙa'idojin da suka yafe wa filayen mai masu yawa, sauran kuma aka ce su ci gaba da ƙonawa su riƙa biyan wani abu. Nawa ne abin? Kwabo biyu a kan kowace ƙafa dubu ta gas a ma'aunin cikin ɗaki, wato kimanin abin da zai cika ɗan ƙaramin ɗakin kwana. Daga baya aka mayar da shi kwabo hamsin, a 1998 ya zama naira goma. Naira goman nan ta zauna kusan shekara ashirin, darajar naira tana zubewa, ita tana nan inda take.

Sa kanka a kujerar manajan kamfani. A hannun dama akwai aikin shimfiɗa bututu da sayen injinan matse gas na miliyoyin daloli. A hannun hagu akwai naira goma. Ba ka buƙatar zama mugu kafin ka zaɓi hagu, lissafi kawai ya ishe ka. Dokar da karya ta ya fi bin ta arha ta tashi daga hani ta koma takardar farashi, irin wadda ake liƙawa a ƙofar gidan wanka. Shi ya sa wa'adin ya riƙa tafiya kamar alƙawarin tela: 1984, aka koma 2008, aka koma 2020, yanzu ana cewa 2030.

Akwai wani ɓangare na labarin da na san zai ja hankalin masu riƙe alƙalami. A farkon 2018 ministar kuɗi ta lokacin, Kemi Adeosun, ta bayyana cewa kalma ɗaya a cikin dokar ta jawo wa ƙasa asara mai yawa. Waɗanda suka rubuta ta sun kira kuɗin da kalmar da ke nufin caji maimakon wadda ke nufin tara. A tsarin haraji, caji yana cikin kuɗin gudanar da kasuwanci, ana iya cire shi daga riba kafin a lissafa haraji. Tara kuwa hukunci ce, daga aljihunka za ta fita. Ke nan ɗan abin da kamfanonin suke biya ma suna dawo da wani kaso nasa ta ƙofar baya, kuma ba su karya doka ba. Duk wanda yake ganin gardamar da muke yi a nan kan zaɓen kalma ɓata lokaci ce, ya tuna da wannan.

Sai kuma babbar matsala, wadda ba a cika faɗinta da ƙarfi ba. Manyan kamfanonin mai sun daɗe suna aiki ne da haɗin gwiwar kamfanin mai na ƙasa, NNPC, wanda yake riƙe da kashi 55 zuwa 60 cikin ɗari. Idan za a sayi injin tara gas, gwamnati ce za ta kawo kaso mafi tsoka na kuɗin. Idan aka rufe rijiya saboda karya doka, kasafin kuɗin gwamnati ne zai fara jin jiki. Mai kafa dokar, mai sa ido a kanta, da mai hannun jari mafi girma a wurin da ake karya ta, duk mutum ɗaya ne. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, kuma babu wanda ya isa ya tashe shi.

Wani zai ce, to kotu fa? An je. A watan Nuwamban 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukunci a ƙarar da Jonah Gbemre ya shigar a madadin mutanen Iwherekan ta jihar Delta, yana ƙarar kamfanin Shell da NNPC. Lauyoyinsa sun yi dabara. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati za ta kare muhalli, amma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta abin da ke cikinsa. Sai suka bi ta sashe na 33 da na 34, haƙƙin rayuwa da na mutunci, da kuma yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan'adam wadda Najeriya ta mayar dokar gida. Alƙali ya yarda da su. Ya ce ƙona gas a garin ya tauye waɗannan haƙƙoƙi, ya ba da umarnin a daina. Hukunci ne da ake koyar da shi a jami'o'in duniya har yau. Amma ba a aiwatar da shi ba. Aka shiga ɗaukaka ƙara da ɗage zama, aka sauya wa alƙalin wurin aiki zuwa Katsina, wuta ta ci gaba da ci.

Kwatanta da ƙasar Holan. A can wata ƙungiya mai suna Urgenda ta kai gwamnatinta ƙara, ta yi nasara a 2015, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Disamban 2019 cewa dole gwamnati ta rage hayaƙin ƙasar da aƙalla kashi 25 cikin ɗari idan aka kwatanta da na 1990. Gwamnati ta bi, har ta taƙaita aikin tashoshin lantarki masu amfani da kwal. Hujjar iri ɗaya ce da ta Gbemre, haƙƙin rayuwa, kuma shi ya riga su da shekara goma. Bambancin yana wurin abin da ya faru bayan alƙali ya tashi daga kujera.

Adalci ya sa in faɗi cewa an samu sauƙi. Gas ɗin da ake ƙonawa a Najeriya ya ragu da fiye da rabi idan aka kwatanta da farkon shekarun 2000. Sai dai idan muka duba dalili, ba tsoron naira goma ba ne. A 1999 masana'antar sarrafa gas ta tsibirin Bonny ta fara fitar da kaya zuwa ƙasashen waje, tashoshin lantarki da masana'antun taki suka fara saye, gas ya samu kasuwa. Abin da jiya shara ne ya zama kuɗi, sai kamfanoni suka fara tattara shi da kansu. Wannan ma lissafin manajan nan ne, sai dai a wannan karon ya faɗo ta ɓangaren da muke so. Duk da haka, ƙididdigar Bankin Duniya da ake yi da tauraron ɗan'adam har yanzu tana sa Najeriya cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a duniya.

An kuma gyara wasu kurakuran. A 2018 aka fito da sabbin ƙa'idoji: dala biyu a kan kowace ƙafa dubu ga kamfanin da yake haƙo ganga dubu goma ko fiye a rana, rabin dala ga ƙananan kamfanoni, kuma aka wajabta sa na'urar awo. Dokar masana'antar man fetur ta Agustan 2021 ta kira kuɗin tara ƙarara, ta hana cire shi daga haraji, ta ce a yi amfani da shi wajen gyara muhallin garuruwan da abin ya shafa, ta kuma kafa hukumar sa ido dabam da kamfanin mai na ƙasa. A takarda wannan ci gaba ne na gaske. Ƙasar Norwe ta hana ƙona gas ba gaira ba dalili tun farkon shekarun 1970, lokacin da ta fara haƙar mai, ta ɗora harajin kabon a kan rijiyoyinta na teku a 1991. Ita ma gwamnatinta ce ke da kaso mafi yawa a babban kamfanin manta, amma tun da wuri ta raba mai tsara manufa, mai sa ido, da mai kasuwanci. Abin da ta yi a farkon tafiya shi muka yi bayan shekara sittin.

Yanzu mu zo kan babbar dokar, wadda ta shafi hayaƙin ƙasar baki ɗaya. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Faris ta 2015, ta yi alƙawarin rage hayaƙinta da kashi 20 cikin ɗari nan da 2030 da ƙarfin kanta, a 2021 kuma ta ce zai kai kashi 47 idan ta samu tallafin waje. Amma sashe na 12 na tsarin mulkinmu ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta da ƙarfin doka a gida sai Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta mayar da ita doka. Yarjejeniyar Faris ɗin kanta ba ta da bulala: kowace ƙasa ita take yanka wa kanta abin da za ta iya, babu tara ga wadda ta kasa, Amurka ma ta fita, ta dawo, ta sake neman fita. Saboda haka duk ƙarfin da alƙawarin zai samu daga dokar gida zai fito.

A Nuwamban 2021, bayan ya yi alƙawari a taron Gilasgo cewa nan da 2060 Najeriya za ta daina ƙara wa sama hayaƙi fiye da wanda take shanyewa, Shugaba Buhari ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi, wadda ɗan majalisa Sam Onuigbo na jihar Abiya ya daɗe yana fafutukarta. (Tarihi yana da ban dariya: ranar 1 ga Janairun 1984, da wa'adin farko na kashe wutar ya cika, ita ce washegarin juyin mulkin sojan da ya kawo Buhari.) Dokar ta kafa majalisar ƙasa kan sauyin yanayi ƙarƙashin shugaban ƙasa, ta kafa asusu, ta buɗe ƙofar harajin kabon, ta ɗora wa duk kamfani mai ma'aikata hamsin ko fiye nauyin rage hayaƙinsa da ba da rahoto. Zuciyar dokar ita ce abin da ake kira kasafin kabon: kamar yadda ake kasafin kuɗi, a ce ga iyakar hayaƙin da ƙasa za ta fitar a cikin shekaru kaza, kada a wuce. Dokar ta ba da shekara ɗaya a fitar da na farko. Ita kanta majalisar sai a Satumban 2022 aka ƙaddamar da ita, wata goma bayan sa hannu, shekarar kuma ta cika babu kasafin.

An aro wannan tsari ne daga dokar Birtaniya ta 2008, amma a ganina an bar abin da ya sa tasu take aiki. A can akwai kwamitin masana mai zaman kansa, wanda ba minista a cikinsa. Shi yake ba da shawarar iyakar kowace shekara biyar, kuma duk shekara yana kai wa majalisa rahoto a bainar jama'a cewa gwamnati ta cika ko ta gaza. Da wannan rahoto 'yan jarida suke yin tambaya, da shi ƙungiyoyi suke zuwa kotu. A 2022 babbar kotu ta ce shirin gwamnatin bai cika sharuɗɗan doka ba, ta tura ta ta sake rubutawa. A ƙarshen Satumban 2024 ƙasar da ta fara gina masana'antu a kan kwal ta rufe tasharta ta ƙarshe mai ba da lantarki da kwal, hayaƙinta kuma ya sauko kusan rabin na 1990. Gaskiya ne wani ɓangare na wannan ragin ya samu ne domin masana'antunsu sun koma Asiya, kada mu yi musu tafi fiye da ƙima. Amma ginin dokar abin koyi ne. Tamu majalisar kuwa shugaban ƙasa ne shugabanta, mataimakinsa na biye, ministoci ne suka cika kujeru, da 'yan wakilai kaɗan na mata, matasa, masu buƙata ta musamman da 'yan kasuwa. Ɗalibi ne yake duba takardar jarrabawarsa. Kuskuren da muka yi shekara da shekaru a harkar mai, muka gyara shi a watan Agusta, shi muka sake yi a watan Nuwamba na shekarar.

Na san abin da wasunku za su ce, domin ni ma na taɓa faɗinsa. Afirka baki ɗaya ba ta fitar da ko kashi huɗu cikin ɗari na kabon ɗin duniya. Waɗanda suka cika sama da hayaƙi su ne suka yi arziki da shi. A 2009 a Kofenhagen suka yi alƙawarin dala biliyan ɗari duk shekara ga ƙasashe masu tasowa nan da 2020, shekarar ta zo ba su cika ba. Don me ƙasar da ba ta iya ba mutanenta lantarki za ta ɗaure kanta da igiyar da ba ita ta jawo ba? Wannan magana tana da nauyi, kuma idan zancen a hana mu amfani da gas ɗinmu ne don samar da wuta da taki, ina tare da masu ita. Amma ƙona gas a bututu ba ya cikin wannan gardama ko kaɗan. Bai kunna ƙwan lantarki ko ɗaya ba, bai dafa tuwon kowa ba. Shi ne wuri ɗaya da rage hayaƙi da neman arziki suke tafiya a hanya ɗaya: daga gas ɗin da yake biyo mai ake tace irin wanda ake ɗurawa a tukunyar girki, sauran kuma shi injinan lantarki suke sha. Bututun da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, gas zai ɗauko. Ƙasar da take bin manyan ƙasashe bashin diyyar ɓarnar yanayi, tana kuma cinna wa dukiyarta wuta a bayan gida, ta rage wa bakinta ƙarfi a teburin ciniki.

Kuma mu nan arewa ba 'yan kallo ba ne. Jihohi goma sha ɗaya da suke bakin hamada, daga Kebbi da Sakkwato har Barno da Adamawa, su aka ware a shirin katangar itatuwa ta Afirka. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum ɗari shida a ƙasar nan, Jigawa tana cikin waɗanda suka fi ɗanɗana ta. Ba zan ce kowace ambaliya ko kowane fari ɗumamar duniya ce kaɗai ta kawo shi ba, akwai toshe magudanai da sakaci da madatsun ruwa. Amma manomin da ya ga damina tana rikicewa, zafin bazara yana ƙaruwa, ba ya buƙatar a karanta masa rahoto.

Wannan ya dawo da ni wurin Baba mai gawayi. Sare itatuwa matsala ce ta gaske, dazuzzukanmu suna ƙarewa, kuma jihohi da dama sun sanar da haramta yin gawayi. Ban ce a bar daji ya tafi ba. Amma ku duba da kyau, ciwon dokar gawayi shi ne ciwon dokar 1979. An hana abu ba a samar da mafi arha a madadinsa ba, don haka hanin ya zama caji. A Delta ana biya a ofis da rasit, a hanyar gawayi ana biya a bakin titi babu rasit, kuɗin kuma yana ƙarewa ne a kan ledar da na ɗauko. Inda suka bambanta shi ne kamfanin mai yana da wata hanyar, ya ga ta yi masa tsada ne kawai. Umma ba ta da wata hanyar. Ko gawayi, ko icce, ko a kwana da yunwa. Dokar da ta san abin da take yi za ta fara matsa wa mai zaɓi, sannan ta samar wa maras zaɓi mafita kafin ta ɗaga masa sanda. Mu mun juya abin.

Saboda haka nake tsoron ranar da za a tashi aiwatar da harajin kabon da dokar 2021 ta ambata. Harajin kansa ba laifi ba ne. Suwidin ta fara nata a 1991, ta rage wa mutane harajin albashi a lokaci guda, tattalin arzikinta ya ci gaba da girma hayaƙi yana raguwa. Afirka ta Kudu ta fara a 2019 da rand 120 a kan tan ɗaya, amma ta cika shi da rangwame ga manyan masana'antu har ya kusa zama kwabo biyun tamu. Faransa ta ɗora nata a kan man mota, a 2018 masu riguna ruwan ɗorawa suka cika tituna har gwamnati ta dakatar da ƙarin. Mu kuwa tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, talaka ya riga ya biya nasa kason da ƙafafunsa. Idan hukumar haraji ta zo neman wurin da ya fi sauƙin karɓa, gidan mai da janareton mai shago za ta fara gani. Ni a ganina harajin ya tsaya a kan manyan bututun hayaƙi, rijiyoyin mai da masana'antun siminti da makamantansu, wuraren da ba su da yawa, an san adireshinsu, ana iya auna su. Kuɗin kuma a rubuta a cikin doka inda zai tafi, a ga wani kasonsa a farashin tukunyar gas da murhu mai tsimin icce.

Kafin a kai can ma akwai abin da ba ya buƙatar sabuwar doka. A riƙa wallafa jadawali duk wata uku: sunan kowane kamfani, gas nawa ya ƙona bisa na'urarsa, nawa tauraron ɗan'adam ya gani, tarar nawa aka yanka masa, nawa ya biya, wane gari aka kai kuɗin. Dala biyu da ba a karɓa ba ba ta fi kwabo biyu ba. A kuma gyara dokar 2021 a kafa kwamitin masana da shugaban ƙasa ba zai iya sallama da sanarwar dare ba, mai kai rahoto ga majalisa kai tsaye. Ƙofar kotu ma ta ɗan ƙara buɗewa: a 2018 Kotun Ƙoli, a wata ƙara kan malalar mai a jihar Abiya, ta yarda cewa ƙungiya mai zaman kanta tana iya shigar da ƙarar muhalli ko da ba ita ɓarnar ta shafa kai tsaye ba. Ba sai ɗan Iwherekan ba, ƙungiyar manoman Haɗeja ma tana da hurumin tambaya.

Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ba sai ya faɗi dalili ba, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Na zauna jiya da daddare, da hasken waya domin an ɗauke wuta, na rubuta tawa wasiƙar zuwa hukumar da ke sa ido kan haƙar mai. Tambaya uku ce a ciki: tarar nawa aka yanka bara a kan ƙona gas, nawa aka karɓa, kuma waɗanne garuruwa ne suka ga kuɗin. Lauyoyin da ke cikinmu, akwai mai duba mini ita kafin in aika ranar Litinin?